Jimla ɗaya ta 1791 da bindigogi miliyan 393

Cikin kwana uku na watan Yunin 2022, hukumomin Amurka sun yi magana biyu a kan bindiga, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Ranar 23 ga wata, Kotun Ƙoli ta soke wata dokar jihar New York da ta haura shekara ɗari tana aiki, wadda ta ce sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi lasisin yawo da ƙaramar bindiga a cikin gari. Ranar 25, Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar tarayya mafi nauyi da aka yi don taƙaita bindiga cikin kusan shekara 30. Duka biyun sun zo ne wata guda bayan wani matashi ɗan shekara 18 ya kutsa wata firamare a garin Uvalde na jihar Texas, ya kashe yara 19 da malamai 2.

Mu da muke jin irin wannan labari a rediyo, abin da ke fara zuwa bakinmu shi ne, me ya hana su karɓe bindigogin kowa ya huta? Amsar tana da tsawo, kuma farkonta lissafi ne. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato kimanin 120 ga kowane mutum 100. Yaman, ƙasar da ke biye da ita, ba ta kai rabin haka ba. Ba a tsaya nan ba, domin a 2020 kaɗai, shekarar korona da zanga-zanga, an sayi fiye da miliyan 20. Sai dai kada a ɗauka kowane Ba'amurke na da bindiga a ƙarƙashin matashi. Binciken cibiyar Pew ya nuna kusan kashi 32 cikin ɗari na manya ne ke da ita. Abin da ke faruwa shi ne masu ita sukan tara da yawa, wani biyar, wani ashirin.

Tushen rigimar jimla ɗaya ce, gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1791. Ma'anarta a Hausa kusan haka take: “Tun da dakarun sa-kai masu tsari wajibi ne ga tsaron ƙasa mai 'yanci, ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallakar makami da ɗaukarsa ba.” Kalma 27 ce a Turanci, amma lauyoyi sun ci abinci da ita fiye da yadda aka ci da wasu littattafai. Rabin farko yana maganar dakarun sa-kai, rabi na biyu yana maganar haƙƙin jama'a. To wanne ke jan wanne? Idan na farko ne, haƙƙin na ƙungiyar tsaron jiha ne, kuma gwamnati na da damar tsara abin da ɗaiɗaikun mutane za su riƙe. Idan na biyu ne, haƙƙin na kowane mutum ne shi kaɗai, kamar 'yancin addini ko na faɗin albarkacin baki.

Waɗanda suka rubuta jimlar ba su daɗe da gama yaƙi da sojojin Sarkin Ingila ba. Suna tsoron rundunar soja ta dindindin a hannun gwamnatin tsakiya, sun fi natsuwa da manoma da 'yan kasuwa da za a kira su fito da bindigoginsu idan ta ɓaci. Bindigar zamanin kuwa 'yar uwar bindigar tokar maharbanmu ce: a ɗura albarushi ta baki, a danna, a harba sau ɗaya, a sake ɗurawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har a cikin Amurkawa, shi ne kusan duk tsawon ƙarni na 20 kotuna sun fi karkata ga fassarar farko, kuma an yi dokoki ba tare da ƙasa ta tsage ba. A 1934, bayan ta'asar gungun 'yan daba irin su Al Capone a Chicago, majalisa ta ɗora harajin dala 200 da rajista a kan bindiga mai jigida da wadda aka gutsure wa baki. Dala 200 a lokacin kuɗi ne na fitar hankali. A 1939 Kotun Ƙoli ta amince da dokar. A 1968, bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, aka hana sayar da bindiga ta gidan waya, wadda ita ce hanyar da wanda ya harbe Shugaba John Kennedy a 1963 ya bi ya sayi tasa. Akwai ma wani abin dariya mai ciwo. A 1967 Ronald Reagan, yana gwamnan California, ya sa hannu a kan dokar hana yawo da bindiga ɗure a bainar jama'a, saboda 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panthers sun fara sintiri da bindigogi suna sa ido a kan 'yan sanda. Wanda daga baya ya zama gwarzon masu ra'ayin riƙau, ranar nan shi ne mai taƙaita bindiga. A Amurka, launin fatar mai riƙe da bindigar ya sha sauya ra'ayin mutane game da 'yancin riƙe ta.

Ita kanta NRA, ƙungiyar masu bindiga da ake jin sunanta duk lokacin da aka yi harbi, ba da siyasa ta fara ba. Tsofaffin hafsoshin yaƙin basasa ne suka kafa ta a 1871 don koya wa mutane saiti, saboda sun ga yadda sojojinsu ke ɓarnar harsashi. Ta yi shekara ɗari tana harkar farauta da gasar harbi. A babban taronta na 1977 a Cincinnati ne 'yan ba-sani-ba-sabo, ƙarƙashin Harlon Carter, suka kifar da tsofaffin shugabanni suka mayar da ita injin siyasa. Daga nan ta shiga ba 'yan majalisa maki kamar ɗalibai, tana tallafa wa rubuce-rubucen masana shari'a masu goyon bayan fassara ta biyu. Ƙarfinta na gaske ba a aljihu yake ba kamar yadda ake yawan faɗa. Yana wurin miliyoyin masu zaɓe da ba su da wata tambaya ga ɗan takara sai ta bindiga, kuma suna fitowa zaɓen fidda gwani, ranar da sauran jama'a ke zaune a gida. Har a 1991 tsohon Alƙalin Alƙalai Warren Burger, wanda Nixon ya naɗa, yana kiran sabuwar fassarar da sunan yaudara. Shekara 17 bayan haka, ita ce ta zama dokar ƙasa.

Hakan ya faru a 2008, a shari'ar Heller. Dick Heller mai gadi ne da ke riƙe bindiga a wurin aiki a birnin Washington, amma dokar birnin ta hana shi ajiye ƙaramar bindiga a gidansa. Alƙalai 5 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce haƙƙin na mutum ɗaya ne, ba sai yana cikin wata runduna ba. Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya bar ƙofa a buɗe: ya ce ana iya hana masu manyan laifuka da masu taɓin hankali, ana iya hana shiga makarantu da ofisoshin gwamnati da makami. A 2010 aka faɗaɗa hukuncin ya hau kan jihohi da birane.

Hukuncin 2022 da ya soke waccan dokar New York, wato na shari'ar Bruen, shi ne ya sauya filin wasan gaba ɗaya, kuma a ganina ya fi Heller tasiri ko da yake bai kai shi suna ba. Kafin shi, idan aka ƙalubalanci dokar bindiga, alƙali yakan auna abu biyu: nawa dokar ta takura wa mai haƙƙi, nawa kuma take kare rayuka. Alƙali Clarence Thomas, a hukuncin da alƙalai 6 cikin 9 suka amince da shi, ya ce a ajiye wannan sikeli. Daga yanzu gwamnati sai ta nuna cewa dokarta na da makamanciya a tarihin ƙasar, musamman zamanin da aka rubuta gyaran. Wato ko da masana lafiya sun kawo hujja cewa doka na rage mutuwa, alƙali zai ce a kawo masa irinta daga ƙarni na 18 ko na 19.

Abin da ya biyo baya ruɗani ne. Lauyoyi suka bazama ɗakunan ajiyar tsofaffin takardu suna neman dokokin albarushi da na wuƙaƙe. Wani alƙalin tarayya a Mississippi, Carlton Reeves, ya fito fili ya ce su alƙalai ba masana tarihi ba ne, har ya yi tunanin ɗauko masani ya taya shi. Mafi muni, da lauyoyin gwamnati suka tashi kafa hujjar cewa tun asali ana hana mutane masu haɗari riƙe makami, misalan da suka samu sun haɗa da dokokin da suka hana bayi da 'yan asalin ƙasar da mabiya Katolika. Ka ga mai neman kare rayuka a yau yana jingina da dokar wariya ta jiya. Sai wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar da ta hana bindiga ga mutumin da kotu ta umarta ya nisanci matarsa ko budurwarsa saboda duka, bisa dalilin cewa a 1791 babu irin wannan doka. Ina za a same ta, a zamanin da dukan mace ba ya cikin abin da hukuma ta damu da shi? A 2024, a shari'ar Rahimi, Kotun Ƙoli ta ja birki da ƙuri'a 8 da 1, ta ce makamanciya ake nema, ba sai tagwaye ba. Wanda ya ƙi amincewa shi kaɗai shi ne Thomas, mai ma'aunin.

To me ya sa ba za a gyara gyaran ba? Tsohon alƙalin Kotun Ƙoli John Paul Stevens ya nemi a soke shi a 2018. Amma hakan na buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50, alhali jihohi 29 sun riga sun ba manya damar yawo da bindiga ba tare da lasisi ba. Wannan hanya a toshe take. Ko doka ta yau da kullum ma sai ta haye Majalisar Dattawa, inda Wyoming mai mutum ƙasa da 600,000 ke da sanata biyu daidai da California mai kusan miliyan 39, kuma ana buƙatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara. Bayan kisan yara 20 da ma'aikata 6 a firamaren Sandy Hook a Disamban 2012, an kawo ƙudurin faɗaɗa binciken tarihin mai sayen bindiga, abin da mafi yawan Amurkawa ke goyon baya har da masu bindigar. Ya samu ƙuri'a 54, ya mutu. Dokar 2022 ta wuce ne saboda ta yi sassauci: ƙarin bincike ga mai saye ɗan ƙasa da shekara 21, kuɗi ga lafiyar ƙwaƙwalwa da tsaron makarantu, tallafi ga jihohin da ke ba kotu ikon karɓe bindiga na ɗan lokaci daga wanda ake tsoron zai yi ɓarna. Ba ta hana sayar da ko da nau'in bindiga ɗaya ba.

Akwai wurin da masu neman taƙaitawa su ma suke harbin iska. Hoton da duniya ke gani shi ne matashi da AR-15, wata babbar bindiga mai kama da ta soja, a makaranta, kuma a kansa ake yawan faɗa. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC na 2021, shekarar da ta fi kowace muni, sun nuna mutum 48,830 bindiga ta kashe. Daga ciki 26,328 su suka kashe kansu, wato fiye da rabi. Kisan kai ya kai 20,958, kuma mafi yawansa da ƙaramar bindiga aka yi shi, a unguwannin talakawa, inda samarin baƙar fata suka fi kowa mutuwa. Harbin kan mai uwa da wabi, duk da firgicinsa, ɗan ƙaramin kaso ne. Saboda haka ko da an dawo da haramcin manyan bindigogi irin na soja da aka yi daga 1994 zuwa 2004, jimillar gawarwaki ba za ta ragu sosai ba. Dattijon ƙauye da ya shiga damuwa ya buɗe durowa da dare ba ya fitowa a talabijin, amma irinsa sun fi yawa. Abin da ke taimakon irinsa ƙananan matakai ne marasa armashi a kamfe: a jinkirta miƙa bindiga kwana kaɗan bayan saye, a kulle ta a akwati, a raba ta da harsashi. Wanda ya yi yunƙurin kashe kansa da wata hanya sau da yawa yakan rayu ya yi nadama, amma kunamar bindiga ba ta cika ba da wannan dama ba.

Su kuma masu kare haƙƙin, kuskure ne a ɗauke su duka mahaukatan makami. Wanda ya kai ƙarar da aka yi hukunci a kanta a 2010, Otis McDonald, dattijo ne baƙar fata ɗan fansho a kudancin Chicago, wanda ɓarayi suka sha fasa wa gida, 'yan ƙwaya suka mamaye masa unguwa. Cewa ya yi 'yan daba na da bindiga, shi mai bin doka an hana shi. Manomin da ofishin 'yan sanda mafi kusa ke da tafiyar rabin awa daga gonarsa haka zai faɗa. Uvalde ma ta ba su hujja: jami'an tsaro 376 suka taru a makarantar, suka yi minti 77 kafin su shiga ajin, yara na kiran waya daga ciki suna neman agaji. Kotun Ƙoli kuma ta taɓa yanke hukunci a 2005, a ƙarar wata mata ta Colorado da mijinta ya kashe 'ya'yansu uku, cewa ba ta da haƙƙin da tsarin mulki ya ba ta na tilasta wa 'yan sanda aiwatar da umarnin kariyar da kotu ta ba ta. Wanda aka gaya wa haka, da wuya ka shawo kansa ya miƙa makaminsa. Sai dai Uvalde takobi ce mai kaifi biyu. Bayan Sandy Hook, shugaban NRA na lokacin Wayne LaPierre ya ce ba abin da ke tsayar da mugu mai bindiga sai mutumin kirki mai bindiga. A Uvalde mutanen kirki masu bindiga sun kusa ɗari huɗu, kuma tsoron irin bindigar da yaron ke riƙe da ita na cikin abin da ya tsayar da su a baranda.

Akan kawo misalin Ostareliya, wadda bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996 ta saye bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata, da New Zealand wadda ta haramta manyan bindigogi cikin wata guda bayan kisan masallata 51 a Christchurch a 2019. Duka sun yi abin a yaba. Amma babu ɗayansu da ke da gyara na biyu, kuma abin da Ostareliya ta tattara bai kai abin da Amurkawa ke saye cikin wata ɗaya ba.

Inda aka dosa, a iya hangena, Amurka biyu ce a ƙarƙashin tuta ɗaya. California da New York da Illinois da ire-irensu na ƙara ɗaurewa, Texas da Florida da yawancin kudu na ƙara kwancewa, bindiga kuwa ba ta san iyakar jiha ba, ana sayenta inda aka sassauta a kai ta inda aka tsananta. Kotun Ƙoli ce za ta ci gaba da yanka wa kowa iyaka. A 2024 ta soke haramcin wata na'ura da ke sa bindiga ɓarin wuta kamar mai jigida, irin wadda maharbin Las Vegas ya yi amfani da ita a 2017, haramcin da gwamnatin Trump ta farko ce ta sa shi. A 2025 ta amince a sa ido a kan bindigogin da ake sayen sassansu a haɗa a gida ba lamba, sannan ta yi watsi da ƙarar da Meziko ta kai kamfanonin ƙera bindiga, bisa dokar 2005 da ta ba su kariya. Babbar tambayar da ta rage ita ce ko jiha na da ikon haramta AR-15, kamar yadda kusan jihohi goma suka yi. NRA ta raunana, LaPierre ya sauka a 2024 cikin shari'ar almubazzaranci da kuɗin ƙungiya, amma ƙungiyoyin da suka taso a bayanta sun fi ta zafi. Masu neman taƙaitawa kuma sun koma bin ta gefe: iyalan Sandy Hook sun karɓi dala miliyan 73 a sasantawa da kamfanin ƙera bindiga na Remington a 2022, kuma a Michigan an ɗaure iyayen wani yaro da ya yi harbi a makaranta saboda su suka saya masa bindigar suka yi sakaci da ita.

Wani abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, a ƙarshen wannan Yunin na 2022, kwanaki kaɗan bayan hukuncin Bruen, gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga. Kafin shi Aminu Masari ya faɗi makamancin haka a Katsina. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, kuma bisa dokar makamai ta 1959 lasisi na hannun shugaban ƙasa da 'yan sanda. Hujjar manomin Zurmi ko Batsari ita ce dai hujjar Otis McDonald: ɓarawo na da ita, hukuma ta yi nisa. Amma yanayin ya sha bamban. Amurka na fama da bindigar da akasari aka saya a kanti bisa doka. Najeriya, wadda waccan cibiya ta Geneva ta ƙiyasta tana da kimanin miliyan 6 a hannun farar hula, tana da doka mai tsauri a takarda, AK-47 kuma na shigowa ta daji. Mun kuma ga abin da 'yan sa-kai marasa linzami suka jawo a Zamfara, inda kisan da aka yi wa Fulani a kasuwanni ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka hura wutar ramuwar gayya.

Gwamnonin da suka gaje su ba su bi ta kan raba lasisi ba. Dikko Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina a Oktoban 2023, Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024: mutanen gari, da horo, da kaki, da albashi, da kwamandan da za a tuhuma idan an yi ba daidai ba. Ko za su tsaya a kan tsarin ko za su zama wasu 'yan sa-kan da sabon suna, wannan aiki ne a gaban jihohin biyu. Abin da suka kafa dai shi ne dakarun sa-kai masu tsari, wato rabin farko na jimlar 1791, rabin da alƙalai biyar a Washington suka ce shimfiɗa ce kawai.